Maɓallin rahoto ya ƙi aiki, ni kuma na ce wa Kawu bairos ce

Wasiƙar wannan makon daga Aboabo ta fito, nan cikin Kumasi. Na rage mata tsawo, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum, Yaya. Ina cikin damuwa. Kawuna ne ya biya mini kuɗin koyon kwamfuta. Yana da shagon hatsi, masara da gero da wake, sari da awo. Da na gama sai na ce bari in saka masa da ɗan abin da na iya, na rubuta masa manhajar kwamfutar tebur da Python, mai riƙe lissafin kaya da bashin da yake bin mutane. Na dunƙule ta da PyInstaller ta zama fayil guda. A cikinta akwai maɓallin Rahoto. In an danna shi, manhajar tana kiran wani ɗan sikirif na daban, rahoto.py, shi ke haɗa lissafin ranar ya miƙo mata ta nuna. A laftof ɗina lafiya lau. A kwamfutar shago, mai Windows 10, aka danna aka ji shiru. Na buɗe baƙar taga, wadda ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, na rubuta python, sai Microsoft Store ya buɗe. Na koma gida na canja kiran zuwa sys.executable, sai ya zama duk dannawa manhajar ce ke sake buɗe kanta. Daga ƙarshe na girka Python a kwamfutar, na ajiye sikirif ɗin kusa da manhajar, ya yi aiki mako biyu. Sai na ce bari in yi masa kwalliya: na gyara sunayen kaya, gyada ta koma gyaɗa, na cire GHS na sa ₵, alamar kuɗin sidi. Tun ranar shirun ya dawo. Abin da ya ɗaure mini kai, in na kira sikirif ɗin da hannuna a baƙar taga, ko a kwamfutar shagon ce, yana aiki.

"Kawu ya tambaye ni a gaban yaran shago, kunya ta sa na ce bairos ce. Ya biya mai gyara aka wanke kwamfutar, na sake girka komai, ba ta canja zani ba. Yanzu ya ce bayan Juma'a zai shiga Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ya sayi sabuwa, tunda ni na ce wannan ta lalace. Yau kwana tara ina kauce wa layin shagon, har masallacin da muke salla tare na canja. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kafin mu taɓa kod, ɗauki waya ka kira Kawu yau ɗin nan. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, a dakata da maganar Adum, matsalar daga aikina take, gobe in sha Allah ina tafe." Sabuwar kwamfuta, ko yanzu aka ciro ta daga kwali, abin da ta shago take yi shi za ta yi. Za ma ta fi ta taurin kai, don ko Python ɗin da ka girka a waccan ba ta da shi. Ka ƙiyasta ranar da ya biya kuɗinsa, aka ɗauko ta, aka jona, yaran shago suka zagaye, aka danna Rahoto aka ji shiru. Kunyar da kake gudu yanzu wasa ce a kan ta wannan rana. Za mu koma kan maganar Kawu, amma kiran nan ba ya jiran gyara.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abu guda, ban same shi ba: me kwamfutar ta ce? Ka faɗa mini abin da ka yi da abin da ka canja, amma babu ko layi ɗaya na saƙon kuskure. Ba wai babu shi ba ne. Duk lokacin da sikirif ɗin nan ya faɗi, sai ya yi ihu ya ambaci abin da ya kayar da shi, har da lambar layin. Babu mai sauraro ne kawai. Da ka dunƙule manhajar ba tare da baƙar taga ba don ta yi kyan gani, ƙofar da ihun zai fito ka rufe. In kuma akwai except: pass a kusa da kiran, kuma zan yi mamaki in babu, to ka haɗa da toshe masa baki. Makonni ke nan kana canja wannan kana canja wancan, kamar mai ɗura wa mara lafiya magani bai tambaye shi inda ke masa ciwo ba. Shi kansa mai gyaran da ya wanke kwamfutar, a kan maganarka ya yi aiki.

Saboda haka aikin farko ba gyara ba ne. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta abin da ya faru. Wurin da kake kiran sikirif ɗin, yi amfani da subprocess.run, ka ba shi capture_output=True, da stdin=subprocess.DEVNULL, da timeout na kamar daƙiƙa 60 don kada ya rataye har abada. Abin da ya dawo, wato returncode (lambar fita) da stdout (abin da ya rubuta) da stderr (saƙon kuskurensa), ka zuba shi cikin fayil ɗin rubutu tare da kwanan wata da lokaci. Ka ƙara abu uku a sama: os.getcwd(), da sys.executable, da cikakken umarnin da ka tura. In kiran kansa ne ya fashe, ka kama shi ka rubuta traceback.format_exc(). Fayil ɗin nan ka ajiye shi a wata folda taka cikin %LOCALAPPDATA%, inda kowane mai amfani da kwamfutar ke da izinin rubutu. A kan allo kuma, in abu ya lalace, manhajar ta fito da ɗan saƙo da Hausa: "Rahoto bai fita ba, a kira ni." Ko wannan kaɗai ya fi shiru mutunci. Aikin bai kai layi ashirin ba, kuma da ka yi shi tun farko da ba ka rubuto mini ba.

In kundin, wato fayil ɗin rubutun nan, ya fito, fara duba lambar fita. 0 na nufin sikirif ya gama lafiya, matsalar tana wajen manhajar da ta karɓi saƙon. 1 yawanci Python ya fara karanta sikirif ɗin ya ci karo da kuskure a ciki, bayanin na nan a stderr, kuma daga layin ƙarshe ake fara karantawa, ba daga sama ba. 2 tare da "can't open file" na nufin an sami Python amma bai ga rahoto.py a inda aka ce masa ba. 9009 kuwa, Python ɗin ne babu. Akwai wani mai ruɗa mutane: "[WinError 2] The system cannot find the file specified". Sai ka ga mutum ya rantse da Allah sikirif ɗin na nan, ga shi yana gani. Gaskiyarsa. Abin da ba a gani ba shi ne wanda zai karanta sikirif ɗin.

Nan ne ciwonka na farko yake. Fayil ɗin .py ba ya tashi da kansa, takarda ce kawai, sai an sami tafintan da zai karanta ta, wato python.exe. A laftof ɗinka tafintan na zaune a gida tun ranar da ka fara koyo, har ka manta cewa kai ka kawo shi. A kwamfutar Kawu babu shi. Tun shekarar 2019 Windows 10 ke zuwa da wani ɗan fayil mai suna python.exe wanda ba Python ba ne, mai nuna hanya ne kawai. In ka kira shi shi kaɗai sai ya buɗe maka Microsoft Store, abin da ka gani ke nan. In kuma an kira shi da sunan sikirif a gaba, kamar yadda maɓallinka ke yi, ba ya buɗe komai. Yakan rubuta "Python was not found" ya fita da 9009, cikin bututun da saƙonsa ke bi zuwa manhajarka, wanda ba ka karantawa. Ga shirunka na farko.

Na biyun, da manhajar ke sake buɗe kanta, kusan duk wanda ya taɓa PyInstaller ya sha shi. Lokacin da kake aiki a gida, sys.executable na nuna python.exe. Da zarar an dunƙule, sai ya koma nuna manhajarka ita kanta. Ka ce mata ta kira tafinta, ta waiga ta ga babu kowa sai ita, ta kira kanta. Ka ma yi sa'a a maɓalli ka sa kiran. Da a wurin tashin manhajar yake, da tagogi sun yi ta haihuwar juna har kwamfutar ta sandare, da kuwa kowa ya yarda bairos ce.

Yanzu ga wanda nake ganin shi ke riƙe da kai a yau, kuma kai da kanka ka ba ni shi a wasiƙarka ba ka lura ba. Gyaɗa ce. Ita da alamar sidi.

In Python a Windows zai rubuta wani abu zuwa baƙar taga, tun sigar 3.6 yana magana da tagar da Unicode kai tsaye, don haka ɗ da ƙ da ɓ da ₵ duk suna wucewa. Shi ya sa in ka kira da hannunka kake ganin lafiya. Amma in manhaja ce ta kira shi ta ce ya zubo mata abin da ya rubuta ta bututu, sai ya koma tsohon tsarin haruffan da kwamfutar ke kai. A kwamfutocin da aka saita da Ingilishi, irin waɗanda ke cike da shagunanmu, tsarin nan cp1252 ne. Gurbi 256 kacal gare shi, an yi shi ne don harsunan yammacin Turai. Akwai alamar fam a ciki, akwai ta yuro, akwai ¢ ta santi, wadda mutane da yawa ke ara su rubuta GH¢ tun da aka canja kuɗi a 2007. Babu ₵. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ, babu ɛ da ɔ na maƙwabtanmu Asante. Da sikirif ya iso kan buhun gyaɗa sai ya tsaya cak, ya ce "UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character", ya biyo da lambar harafin. In ka ga \u0257, ɗ ce. In \u20b5 ce, alamar sidi ce. Ina sa ran ɗaya daga cikin biyun nan za ka tarar a kundinka, da lambar fita 1.

Kada ka ce za ka koma rubuta gyada. Gyaran da ka yi daidai ne, harshenmu da ƙugiyoyinsa yake, kuma ko ka cire su yau, gobe wata mai sarin wake daga Kejetia za ta zo da suna mai ɔ a ciki, yaron shago ya kwafo shi daga WhatsApp ya liƙa. Maganin shi ne ɓangarorin biyu su yarda da UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗauke da waɗannan haruffa duka. A wajen kira, ka sa -X utf8 bayan python, ko ka ba shi PYTHONUTF8=1 cikin muhallinsa. Wannan na nan tun Python 3.7. A wajen karɓa, ka sa encoding="utf-8" a cikin subprocess.run, don in mai magana ya canja harshe mai sauraro bai canja ba, shirme za ka gani a allo maimakon gyaɗa. Sannan ka bi kod ɗinka kaf, duk inda ka rubuta open() na fayil ɗin rubutu ka ƙara masa encoding="utf-8", domin shi ma tsohon tsarin yake ɗauka in ba a faɗa masa ba. Wani abu kuma, tunda shago ne kuma na san wata rana Kawu zai ce a buga rasit: ƙananan firintocin rasit ɗin nan su ma suna da nasu tsarin haruffa a cikinsu. Kana iya gyara komai a kwamfuta, takarda ta fito da alamar tambaya a wurin ₵. A nan kam, ko dai ka tura rasit ɗin a matsayin hoto, ko ka haƙura da GHS. Ni GHS nake sa wa a takarda, ban taɓa jin wanda ya ƙi biyan bashi saboda haka ba.

Akwai abin da bai cije ka ba tukuna amma yana hanya. Ka ce ka ajiye sikirif ɗin "kusa da manhajar". In a kod ɗinka sunansa kawai ka rubuta, "rahoto.py", ba cikakken adireshi ba, to Python zai neme shi ne a foldar da manhajar ke tsaye lokacin da aka tashe ta, ba lalle inda take zaune ba. In an danna ta daga cikin foldarta, sai a dace. In ta gajeriyar hanya ce, ya danganta da abin da ke cikin akwatin "Start in". In Task Scheduler ne ya tashe ta ba a faɗa masa folda ba, a C:\Windows\System32 za ta sami kanta. Yaron aike ne da aka ce masa "ɗauko mini buhun da ke bayan ƙofa", alhali yau a wani gida aka tsayar da shi. Kullum ka gina cikakken adireshi. Abin da ke zaune kusa da manhajar, ka lissafo shi daga foldar sys.executable. Abin da ka dunƙule ciki da --add-data, daga sys._MEIPASS.

Wannan _MEIPASS ɗin ka buɗe ido da shi, don a nan ake asarar da ta fi ta maɓalli. Manhajar da aka dunƙule fayil guda, duk tashin da za ta yi sai ta kwance kayanta a wata foldar wucin gadi cikin Temp mai suna da ya fara da _MEI, in an rufe ta a share foldar. Duk abin da ka rubuta a can ya tafi. Ka duba yau ina ainihin fayil ɗin lissafin Kawu yake zaune. In ta hanyar __file__ ka gina adireshinsa, ka bincika da kyau. Haka kuma kada ya zauna cikin Program Files, inda mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu. Wurinsa %LOCALAPPDATA% ko %APPDATA%, kuma kowace yamma kafin a rufe shago a kwafe shi a filash. Bashin mutane ne a ciki, olonka (gwangwanin awo) nawa wance ta ɗauka, buhu nawa aka ɗora wa wane a aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ba maɓalli ne zai hana ka barci ba.

Ka tambaye ni yadda za ka yi, to ga ra'ayina ba kwana-kwana: daina kiran sikirif ɗin daga waje gaba ɗaya. Manhajarka Python ce, sikirif ɗin ma Python ne, me ya kai ka aika saƙo waje alhali ɗan aiken na cikin ɗaki? Ka mayar da abin da ke cikin rahoto.py ya zama aiki guda mai suna, ka yi import ɗinsa, maɓalli ya kira shi kai tsaye ya karɓi sakamakon. Da wannan kaɗai neman tafinta ya ƙare, neman adireshi ya ƙare, bututu da rikicin haruffansa sun ƙare. Ga kuma ƙarin riba: PyInstaller na bin duk abin da aka yi import ɗinsa ya tattaro kayan da yake buƙata, amma sikirif ɗin da ka jefa masa a matsayin kaya ba ya leƙa cikinsa, don haka ɗakunan karatun da sikirif ɗin ya dogara da su a baya ake barinsu. In rahoton na ɗaukar lokaci har taga na sandarewa, ka gudanar da shi a zare na daban (thread, aikin da ke tafiya a gefe), sai dai kada zaren ya taɓa tagar da kansa, ya miƙo sakamako kawai. Girka Python a kwamfutar mai shago kuwa, dabara ce ta wanda ruwa ya ci. Yau ta yi, gobe wani ya goge shi ko a wanke kwamfutar, ka koma gidan jiya, kamar yadda ka riga ka gani. In dole ne sai sikirif ɗin ya zauna daban, ka dunƙule shi shi ma ya zama nasa .exe, ka kira shi da cikakken adireshi. Ni kuma da ni ne, da na bar fayil guda na koma tsarin folda. Ya fi saurin tashi a tsohuwar kwamfuta, tunda ba sai ya kwance kaya kowace safiya ba. Tun PyInstaller 6.0 na 2023 ma tarkacen duk a folda guda suke taruwa mai suna _internal. Ka lulluɓe shi da Inno Setup, mai haɗa fayil ɗin girkawa, ya yi maka gajeriyar hanya yadda ya kamata.

Kada ka ɗauka daga sama nake maka magana. Shekarun baya na yi wa wani kantin magani a Nima, can Accra, irin wannan aikin. Na gwada, na miƙa, na dawo Kumasi ina jin kaina. Kwana uku aka kira ni, ajiyar kwafin bayanai ta dare ta ƙi yi. Na yi ta ba su umarni a waya, a kashe a kunna, a cire a mayar, har na fara cewa wutarsu ce ba ta da kyau. Ƙarshe na hau motar dare, kilomita wajen 250, na isa da asuba, na sha koko da ƙosai a bakin titi ina jiran a buɗe. Da na zauna gaban kwamfutar na sa ta nuna abin da take cewa, layi ɗaya ne: "'C:\Program' is not recognized as an internal or external command". Gibin da ke tsakanin Program da Files. Na haɗa umarnin a matsayin jimla guda ba tare da alamar zance ba, kwamfutar ta karanta zuwa gibin ta tsaya. A tawa kwamfutar foldar ba ta da gibi a sunanta. Minti biyu gyaran ya ɗauka. Mai kantin ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Tun ranar ban sake haɗa umarni a jimla ba. Jeri nake bayarwa, kowane yanki a gurbinsa, kuma ban sake miƙa aiki babu kundi ba.

Sauran abubuwan da kan hana sikirif tashi, ka san da su ko da ba su ne naka ba. Manhajar kariya kan ɗauke fayil ɗin da aka dunƙule da PyInstaller ta killace shi bisa kuskure. Ka duba tarihin abin da Windows Security ya kama kafin ka zargi kowa, kuma kada ka kashe kariyar gaba ɗaya a kwamfutar da ake soka mata filash goma a yini. In sikirif ɗin PowerShell ne, Windows na gida a rufe yake zuwa, zai ce "running scripts is disabled on this system". In ka ci karo da tsohuwar kwamfuta ta hannu mai Windows 7, Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tashi a kanta, abin da ka gina da 3.9 zuwa sama ba zai buɗe ba.  

Kafin ka koma shago da gyaran, ka gwada a wurin da ba gidanka ba. Laftof ɗinka ba shaida ba ce, ta san ka da yawa. Ka girka Windows tsura cikin VirtualBox, ko Windows Sandbox in naka Pro ne, ko ka roƙi aron kwamfutar wani da bai taɓa jin sunan Python ba. Ka shigar da gyaɗa, ka shigar da suna mai ɔ, ka sa manhajar a folda mai gibi a sunanta, ka tashe ta ta gajeriyar hanya, ka danna.

To, Kawu. Ka je bayan la'asar, lokacin da awo ya lafa. Kada ka yi maganar a gaban yara, kada kuma ka fara da bayanin UTF-8, ba abin da ya dame shi ke nan ba. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Kawu, maganar bairos da na yi ba haka ba ne. Kuskure ne a aikina, ban gano shi ba a lokacin, kunya ta sa na faɗi haka. A yi mini afuwa." Ka ce kuɗin wankin kwamfutar a wuyanka yake, za ka biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Wataƙila ya ƙi karɓa, amma ka faɗa, kuma ka nufa. Mutumin da ya shekara yana ba da bashi a kasuwa yana karanta fuskar masu alkawari, ina tabbatar maka ya lura da kwana taran nan. Ba mamaki maganar Adum ɗin ma hannunka mai sanda ce, yana jira ya ga ko za ka zo. Ba don ka zama marar kuskure ya biya maka karatu ba. Buhu nawa ya taɓa saya a Techiman ya buɗe ya tarar da ƙwari?

Ka roƙe shi abu biyu. Littafin bashi na takarda ya ci gaba da tafiya tare da manhajar har wata guda, ana gwada su kowace yamma. Sannan ya ba ka yini ɗaya ka zauna a shagon, kai da kanka kana shigar da ciniki, ka ga yadda yaran ke danna abin da ka gina. Za ka ga abubuwan da ba za su taɓa faɗo maka a ɗaki ba. Magariba kuma ta same ka a masallacinku, sahun da ka saba.

In ka sa kundin ka danna maɓallin, turo mini lambar fita da layi biyar na ƙarshe na stderr, yadda suke, kada ka gyara ko harafi.